Na bar Windows na koma Linux, waya ta ƙi haɗuwa da kwamfuta

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min. Kwamfutata ta gwanjo ce, ta daɗe a hannuna, kuma lafiyarta lau. Sai ta fara jefo min saƙo wai Windows 10 ta daina samun sabuntawa, ita kuma ba za ta iya ɗaukar Windows 11 ba. Ƙanena da ya zo hutu ya kwashe min kayana a faifan ajiya na waje, ya goge komai, ya ɗora min wani abu wai shi Linux Mint. Gaskiya ta ƙara sauri, ba na musu. Matsalar waya ce. A da da Phone Link nake ganin saƙonni da hotuna a kwamfuta, yanzu babu shi. In na soka kebul, caji kawai take yi. Atamfa da leshi nake sayarwa, hotunan kaya da lambobin kwastomomi duk a wayar suke. Shi kuma ya koma makaranta, in na kira sai ya ce yana lakca.

Injiniyan Farm Centre: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a fara dogon turanci, wane kebul kika soka? Akwai kebul ɗin da caji kawai yake iyawa, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa, irin wanda ake samu a kwalin fitila ko ƙaramar fanka. Ki nemo wanda ya zo da wayar. In kin soka, ki buɗe makullin wayar, ki ja allon daga sama, za ki ga inda aka rubuta tana caji ta USB. Ki taɓa wurin ki zaɓi File transfer. Nan take za ta fito a gefen hagu na wurin da kike buɗe folda. Ba a buƙatar saukar da komai.

Oga Mai Buga Takardu: Hajiya ki yi haƙuri, amma ƙanin nan naki bai kyauta miki ba. Mai sana'a ba a yi mata gwaji da abin neman abincinta. Windows 10 ba mutuwa ta yi ba a ranar 14 ga Oktoba 2025, gyaran tsaro kawai aka daina turo mata kyauta. Kuma Microsoft ta buɗe ƙofar ƙarin shekara guda har zuwa 13 ga Oktoba 2026, ko ka biya dala 30, ko ka haɗa saitin kwamfutarka da asusunsu ka samu ba ko sisi. Ni kwamfutoci uku ne a shagona, duk suna kan Windows 10, suna aiki garau.

Malam Abu Zainab: Oga, to in Oktobar ta zo fa? Matsalar ba ta tafi ba, ɗaga ta kawai aka yi. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wata 'yar na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, tana kuma neman furosesar Intel zubi na takwas zuwa sama. Ka je kasuwa ka duba yawancin na gwanjon da talaka ke iya saya, zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. Ba lalacewa suka yi ba, ƙa'ida ce aka gindaya ta bar su a waje. Linux Mint 22 kuwa za a ci gaba da sabunta ta har 2029, kuma da ram mai giga 4 tana tafiya. Yaron ya yi tunani, abin da ya rage masa shi ne bai zauna ya nuna wa yayarsa yadda za ta yi da wayar ba.

Oga Mai Buga Takardu: Malam, da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filasha da ita, ana ɗora Windows 11 a kan tsofaffin, ana tsallake maganar TPM ɗin. Kullum yara suna yi a layinmu.

Malam Abu Zainab: Ana yi, ba na musu. Amma su kansu masu abin sun faɗa ƙarara cewa wanda ya bi ta wannan hanyar ba su ɗaukar masa alkawarin sabuntawa. Kai da ka iya gyara in ta tsaya, ka yi. Hajiya fa?

Maman Sadiq: Injiniya Allah ya saka da alheri, kebul ɗin ne. Na ɗauko na maigidan, ga wayar ta fito. Amma na shiga na rasa inda hotunan WhatsApp suke, na kamara kawai na gani. Kuma dilolina ta WhatsApp suke turo min sabbin zane.

Injiniyan Farm Centre: Madalla. Na kamara suna cikin folda mai suna DCIM. Na WhatsApp kuwa tun daga Android 11 an canja musu wuri. Ki shiga Android, sai media, sai com.whatsapp, sai WhatsApp, sai Media. A nan za ki tarar da hotuna da bidiyo da saƙonnin murya, kowanne da foldarsa. Shawara ɗaya: kada ki kwaso su gaba ɗaya a tashi guda in suna da yawa. Hanyar da Android ke bi ta kebul tana da nauyin jiki, in hotuna suka kai dubbai sai ta tsaya kamar ta mutu. Ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, kuma kwafa za ki yi, ba yankewa ba. Sai kin buɗe su a kwamfuta kin ga suna nan, sannan ki goge na wayar in kina so.

Ɗalibin Kimiyya: Ni fa ban ga abin wahala a nan ba. Wa ke ɗaukar kebul a wannan zamanin? Anti ki kunna Google Photos kawai, duk hoton da kika ɗauka ya hau da kansa. Lambobi ma ki bar su a asusun Google. Sai ki buɗe burauza a kowace kwamfuta, Linux ce ko Windows ce ko Mac, komai yana nan. Ni ban damu da wace manhaja ke kan kwamfuta ba, rayuwata duka a burauza take.

Injiniyan Farm Centre: Ɗalibi, da Wi-Fi ɗin makaranta kake magana ko da datar aljihunka?

Ɗalibin Kimiyya: Haba Injiniya.

Injiniyan Farm Centre: A'a tambaya ce ta gaskiya. Mai atamfa tana iya ɗaukar hoton zane ɗaya sau biyar kafin launin ya fito daidai, ga bidiyon leshi tana juya shi a hasken rana don kwastoma ta ga ƙyallinsa. Duk wannan ya hau sama da data, in tana so a kwamfuta kuma ya sake saukowa da data, alhali waya da kwamfutar suna kan tebur ɗaya. Sannan giga 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci. Tun Yuni 2021 aka daina ajiye hotuna ba iyaka. Ajiyar WhatsApp ma da a da ba a lissafa ta, yanzu a cikin giga 15 ɗin take. Ba ranar da za ta wuce wani bai zo shago yana cewa imel ya daina shigo masa ba, in ka duba ka ga hotunan biki ne suka cika wurin.

Malam Abu Zainab: Ku duka biyun kuna da gaskiya, abubuwa biyu ne kuka haɗa. Lambobin waya ba su da nauyi, dubu ma ba sa cin komai. Waɗannan Ɗalibi ya yi daidai, a asusun Google ya kamata su zauna, ba a kan layi, wato SIM, ba, ba a cikin ƙwaƙwalwar wayar ba. Hajiya ki shiga manhajar lambobi ki duba inda kowace lamba take ajiye, waɗanda ke kan layi ko kan waya ki mayar da su asusun. Daga nan a kwamfuta ki buɗe contacts.google.com za ki gan su. A wurin akwai inda za ki fitar da su gaba ɗaya a fayil guda mai ƙarewa da vcf. Ki ajiye shi a filasha ki jefa a durowa. Ko wayar ta faɗa rijiya, kwastomominki suna nan.

Hotuna da bidiyo kuwa, su ne masu nauyi, kuma ba su da dalilin zuwa Amurka su dawo. Abin da zai maye miki gurbin Phone Link sunansa KDE Connect. Kyauta ne, yana cikin Software Manager na Mint, yana kuma Play Store. In kika ɗora a duka biyun kika haɗa su, za ki riƙa ganin sanarwar waya a kwamfuta, ki amsa saƙon tes, ki tura fayil, ki kwafi rubutu a waya ki manna a kwamfuta. In wayar ta shige ƙarƙashin tulin atamfa ma, daga kwamfutar za ki sa ta yi ƙara.

Maman Sadiq: Malam wannan na ƙarshen ma ya ishe ni. Amma ba mu da Wi-Fi a gida, da hotspot ɗin wayar nake amfani.

Malam Abu Zainab: Shi ma ya wadatar. Abin da ake buƙata kawai su kasance a kan hanyar sadarwa ɗaya. In kwamfutar ta hau hotspot ɗin wayar, sun haɗu ke nan, kuma abin da suke tura wa juna ba ya bi ta kamfanin layi, don haka ba ya cin data. In ba su ga juna ba, ki duba ko ƙaninki ya kunna katangar tsaro ta Mint. In ya kunna, sai an buɗe ƙofofi daga 1714 zuwa 1764, na TCP da na UDP. Kada adadin ya tsorata ki, abu ne na minti biyu, sai mu yi tare.

Injiniyan Farm Centre: Malam ka manta abu ɗaya, kuma shi ne ke sa mutane su ce manhajar ba ta aiki. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a nan, da zarar allo ya mutu sai su kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye, wai tanadin batir. Sai ka ga an haɗu lafiya, bayan ɗan lokaci kwamfuta ta ce babu waya. Hajiya ki shiga saitin batir, ki nemo KDE Connect, ki cire masa takunkumi, in akwai wurin ba shi izinin tashi da kansa ki kunna.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Ni LocalSend nake amfani da shi, ya fi sauƙi ga wanda tura fayil kawai yake so. Kamar Xender yake amma babu talla, kuma yana kan Android da iPhone da Windows da Mac da Linux duka. Ka buɗe nan, ka buɗe can, su ga juna, ka tura. Ban taɓa buɗe asusu ba.

Ɗalibin Kimiyya: To duk waɗannan sai mutum ya tuna ya tura da hannunsa. In ba a son Google, ga Syncthing. Ka nuna masa foldar kamara a waya da wata folda a kwamfuta, shi ke nan, duk lokacin da suka haɗu sai ya daidaita su da kansa. Wannan ne ainihin abin da Anti ke nema.

Malam Abu Zainab: A nan ne nake so a tsaya, don nan ne mutane ke asara. Daidaitawa daban, ajiya daban. Abin da Syncthing ke yi madubi ne: in ka sa hula, na cikin madubin ya sa, in ka cire shi ma ya cire. Hajiya wayarta za ta cika, ta ce ai hotunan suna kwamfuta, ta goge na bara gaba ɗaya. Da zarar sun haɗu, kwamfutar ma ta goge nata, don aikin da aka sa ta ke nan. Ko an saita foldar wayar a kan turawa kawai, gogewar ma turawa ce, za ta bi. Sai in an kunna masa ajiye tsofaffin fayiloli a ɓangaren kwamfutar, yadda abin da aka goge zai koma wata ɓoyayyar folda maimakon ya ɓace. Google Photos ma haka yake. In ka goge hoto daga cikin manhajar, ya tafi a ko'ina, sai dai yana zama kwana 60 a kwandon shara in an riga an ɗora shi. Lambobi kwana 30 ne.

Kuma manhajar Syncthing ta Android wadda masu abin suke fitarwa da kansu an dakatar da ita a Disamba 2024, yanzu wani reshe ne da wasu suka ɗauka ake amfani da shi. Yana aiki, amma ba shi zan fara ba wa wadda ta shigo Linux jiya ba.

Ɗalibin Kimiyya: Malam ai duk wanda ya karanta bayanin zai gane.

Injiniyan Farm Centre: Wa ke karantawa? Ka zo ka zauna a benci na yini ɗaya. Wata baiwar Allah ta zo min da waya tana kuka, hotunan mahaifinta da ya rasu. 'Yarta ce ta ga wuri ya cika ta share, tana ganin akwai su a wani wurin. Kwanakin kwandon sun wuce. Babu abin da na iya yi mata, ko kuɗin dubawa ban karɓa ba. Ni dai abin da nake gaya wa kowa, duk abin da ba ka so ka rasa, ya kasance yana wani wuri da ba ya haɗe da komai. Faifan wajen nan da ƙanin Hajiya ya yi amfani da shi, kada ta ba kowa aro. Duk ƙarshen wata ta soka shi ta kwafa, ta cire, ta adana.

Malam Abu Zainab: Ƙari a kan haka, Mint tana zuwa da wani abu wai shi Timeshift, mutane suna ganinsa su ɗauka an gama musu ajiya. Tsarin kwamfutar kawai yake adanawa don in sabuntawa ta ɓata wani abu a koma baya. Hotuna da takardunki ba ya taɓa su sai an sa shi.

Hajiya Babba: Sannunku 'ya'yana, ina ta karantawa. Ni iPhone ce ɗana ya aiko min, jikana kuma yana so ya sa min wannan Linux ɗin a kwamfutar da nake sauraron karatu. Abin da kuka faɗa ya shafe ni ko na masu Android ne kawai?

Malam Abu Zainab: Ranki ya daɗe Mama, naki ya ɗan bambanta. Apple ba ta yi iTunes don Linux ba, don haka ajiyar wayar gaba ɗaya da zuba karatu a manhajar sautinta ta kebul ba za su yi sauƙi ba. Hotuna dai suna fitowa: in an soka kebul wayar za ta tambaya ko kin amince da wannan kwamfutar, sai ki amince ki sa lambar sirri. Sai dai tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a wani tsari mai suna HEIC wanda ba kowace manhaja ke buɗewa ba. Jikan ya shiga saitin kamara ya mayar da shi Most Compatible, sababbin hotuna za su riƙa fitowa a JPEG. Sauran kuma LocalSend da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ambata zai yi. Amma in sauraron karatu ne kawai aikin kwamfutar, kuma kin saba da yadda take, ni ban ga gaggawar taɓa ta ba. Ya fara ɗora Mint a filasha ya kunna daga can ki gani, ba tare da an goge komai ba.

Hajiya Babba: Allah ya yi albarka. Zan ce masa ya dakata sai ya zo ya karanta da kansa.

Oga Mai Buga Takardu: Yauwa, ga Malam da bakinsa ya ce a dakata. Ni abin da ya hana ni motsawa CorelDraw ne. Katin biki, kalanda, fosta, duk da shi muke yi, kuma babu shi a Linux. Kada wani ya ce min Inkscape, manhajar zanen da ke Linux, na san yana buɗe wasu fayilolin, amma kwastoma yana tsaye a kaina ɗaurin aure jibi, ba lokacin koyon sabon abu ba ne. Ga ɗalibai masu kawo furojet a Word, ka buɗe a LibreOffice, wato madadin Word a Linux, shafi ya goce, tebur ya tsallaka.

Malam Abu Zainab: Maganar CorelDraw na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari, kai Linux ba naka ba ne. Gocewar shafi kuwa yawanci rashin irin rubutun ne. In aka ɗora Times New Roman da Arial, aka kuma sa Carlito wanda faɗin haruffansa daidai yake da Calibri, mafi yawan takardu suna zama. Kuma abin da zai ba ka sha'awa, allon rubutun Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ yana cikin saitin Mint tun asali, na Najeriya da na Gana, zaɓa kawai za ka yi.

Maman Sadiq: Jama'a ga inda aka kwana. KDE Connect ya haɗu ta hotspot, ban ma taɓa katangar ba. Lambobi ashe kusan rabi a kan layi suke, na mayar da su, na fitar da fayil ɗin. WhatsApp kuma fa? A da akwai manhajarsa a kwamfutar.

Ɗalibin Kimiyya: Anti babu tasu ta Linux, amma web.whatsapp.com yana yin komai na saƙo. A Mint akwai Web Apps, ki sa adireshin a ciki, zai ba ki alamarsa a menu kamar manhaja. Na'ura huɗu ake iya haɗawa da lamba ɗaya. In wayar ta yi fiye da kwana 14 ba a buɗe WhatsApp a cikinta ba, zai fitar da kwamfutar, sai an sake haɗawa. Kada ki saukar da wata manhaja da wani ya haɗa da sunan WhatsApp ki sa lambar kasuwancinki a ciki.

Injiniyan Farm Centre: Yau dai Ɗalibi ya faɗi abin da na sa hannu.

Ɗan Maraɗi: Tunda masana suna nan, ni ma ga tawa. Na bar Windows da Mint duka a kwamfuta ɗaya, ina zaɓa wurin kunnawa. Amma duk sanda na fito daga Mint na shiga Windows, agogo sai ya koma baya da awa guda. Ran nan ina aiki ina kallon agogon kwamfuta, sai jin kiran La'asar na yi. Sannan wani lokaci Mint tana buɗe ɓangaren Windows amma ta hana ni ajiye komai a ciki.

Malam Abu Zainab: Duka biyun sanannu ne. Linux tana rubuta lokacin duniya na UTC a agogon cikin injin, Windows kuma tana karanta shi a matsayin lokacin gida. Mu da ku muna gaba da UTC da awa ɗaya, shi ne awar da ke ɓacewa. A Mint ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa timedatectl set-local-rtc 1, sai ka gyara agogon Windows sau ɗaya. Na biyun kuma Fast Startup ne. Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya in ka kashe ta, tana barin faifan a riƙe, Linux kuma ta ƙi rubutu a kai don kada ta ɓata shi. Ka kashe shi a saitin wuta na Windows.

Oga Mai Buga Takardu: Kun gani ko? Ga baƙin allo da umarni an fara.

Malam Abu Zainab: Layi ɗaya ne Oga, kuma wanda ya ajiye biyu ne kawai yake buƙatarsa.

Oga Mai Buga Takardu: To na ji. Akwai tsohuwa ɗaya a shago da ba ma aikin zane da ita, sai buga takarda da sikanin. Malam in ka shigo gari ka zo da filashar taka mu gwada a kanta. In ta ga firinta ta kuma ga sikana, sai mu yi magana. Sauran biyun kuwa kada wanda ya taɓa min su.